Motar Da Za Ta Ɗauke Ni, Ko Wadda Za Ta Ɗauki Babur Ɗinsa

Inna,

Don Allah ki taimake ni, ki daure ki karanta wannan har ƙarshe ko da ya yi tsawo. Na kira ki Inna kamar yadda kowa ke kiran ki a wannan fili, ko da yake ina zaton na girme ki. Da yatsa ɗaya nake danna waya, saboda haka duk inda kika ga magana ta karkace ki yi mini uzuri.

Tambayata a kan mota ce, wace iri ya kamata mu saya. Na san ba dillancin motoci kike yi ba. Amma na rasa wanda zan tambaya, domin duk wanda na tara da maganar, kafin in kai rabi ya fara yi mini kallon tausayi, ni kuwa na ƙoshi da wannan kallon.

Maigidana gyaran firij yake yi, yana da shago a bakin babban titi. Mutum ne marar magana. Idan na ce marar magana, ina nufin sai ki wuni da shi a ɗaki ɗaya ba ki ji komai ba sai gyaran murya. Ba mugun hali ba ne, haka Allah ya yi shi. Abu ɗaya na sani da ke kwance masa harshe, shi ne babur. Ba irin wanda ake zuwa cefane da shi ba, dogon nan mai tayoyi masu manyan haƙora, wanda ake hawan duwatsu da ratsa kwazazzabai da shi. Ba shi da fitila, ba shi da lamba, ba a yarda a hau kwalta da shi ba, ko an yarda ma kwalta cinye masa tayoyi take yi. Sai dai a ɗora shi a mota a kai shi bakin daji, can inda hanya ta ƙare.

Shi da wasu abokansa suke zuwa ranar da ba su aiki, duk dattawa masu furfura, amma in suka sa hular kwano sai ki rantse samari ne. Ƙadangare suke ce masa, wai saboda yadda yake manne wa dutse. Ta wannan gefen tsaunukan suke shiga, su ɓullo ta wancan, kusa da wata tsohuwar gada, don haka dole a sami wanda zai zagaya da mota ya tare su. Da 'yarmu ta yi aure gida ya yi mini faɗi, sai na ce ya koya mini tuƙi. A tsohuwar a-kori-kurarmu na koya, kuma tun daga nan aikin ya zama nawa, har abokansa suka sa mini suna Direba. Ni nake riƙe kan babur ɗin in yana turo shi a kan katako, ni nake ɗaure igiyar hagu shi ya ɗaure ta dama, mu danne gaban kaɗan don kada ya yi ta rawa a hanya. In na sauke su sai in zagaya, in shimfiɗa tabarma a gindin bishiya da filas ɗin shayi, ina ɗinkin hannu ina jira.

Inna, da ma kin ga mutumin nan in ya fito daga dajin. Taɓo har cikin kunne, yana dariya kamar yaron da aka saya wa sabon takalmi. A hanyar dawowa kuwa bakinsa ba ya rufuwa. Duk maganar da ya tara a mako, nan yake juye mini ita, ina tuƙi yana zuba. A wannan hanyar na ji labarin yadda mahaifinsa ya rasu, a nan ya taɓa ce mini yana tsoron tsufa. In gajarce miki, a cikin motar nan na san mijina, bayan mun riga mun aurar da 'ya.

Ni tela ce, ko in ce da. Ciwon ya fara ne da ƙafar hagu, sai in ji tana zamewa daga kan keken ɗinki. Na ɗauka gajiya ce. Rannan a wata mahaɗa mai gangare na zo taka kuloci ƙafar ta ƙi, mota ta yi baya har ta kusa taɓa ta bayana. Bayan yawon asibitoci aka gano ciwon jijiya ne mai cin ƙarfin jiki a hankali. Likita bai ɓoye mana ba, ba a warkewa, sai dai a rage masa gudu. Yanzu a keken guragu nake, hannuwa sun fara bi, kuma an ce a riƙa kai ni ana duba numfashina ana motsa mini gaɓoɓi.

Tun da na zauna bai sake zuwa daji ba. Shi ke yi mini wanka, shi ke juya ni a gado, har taje kai ya koya, ko da yake tsagar da yake yi mini kullum a karkace take. Babur ɗin yana baranda an rufe shi da tamfol. Wani lokaci da safe sai in ji ya tayar da shi, ya bar shi yana ƙugi na ɗan lokaci wai don kada inji ya ci tsatsa, sannan ya kashe, ya shigo ya tambaye ni ko na sha magani. Iyakar hirarmu ke nan yanzu: kin sha magani, in gyara miki filo, akwai inda ke miki ciwo.

To, a-kori-kurar ta mutu. Muna dawowa daga asibiti injin ya buga, bakanike ya duba ya ce ƙasanta ma ya ruɓe, gyaranta ɓata lokaci ne. Tun daga nan tasi muke ɗauka, wasu direbobin in sun hango keken sai su ƙara wuta. Ƙarfinmu na mota ɗaya ne, ita ma ta hannu, kuma ba na jin za mu sake sayen wata.

Mun je wajen dillali, na nace sai an tafi da ni. Na ce a fara nuna mana a-kori-kura. Akwai wata fara mai ja da taya huɗu, na ga yadda maigidana ya shafa bayanta, yana taɓa ƙugiyoyin da ake ɗaure igiya, bai san ina kallonsa ba. Amma tsayinta, Inna. Ya ɗauke ni zai ɗora a kujera, yana cikin ɗagawa bayansa ya riƙe. Muka tsaya a haka, rabina a kujera rabina a ƙirjinsa, zanina ya zame, dillali ya kawar da kai yana ta sannu. Da ƙyar maigidana ya mayar da ni keke, ya dafa ƙofar motar ya daɗe bai miƙe ba.

Sai ƙaramar bas, mai ƙofar da ake ja gefe. Wannan a ido ta yi, in an cire kujerun baya za ta ci babur, ta ci keke, ta ci firij. Wani abokinsa likitan haƙori yana da irinta, da ita yake kai nasa babur ɗin, ya ara mana muka je asibiti. Babu babur a ciki ranar, amma warin fetur da baƙin mai ya riga ya kama motar. Kafin mu isa tari ya sarƙe ni har na ga duhu-duhu. Shi kansa likitan haƙorin ya ce cikinta yana gogar ƙasa a ƙarshen hanyar dajin, sau da yawa sai an tura.

An kawo shawarar 'yar tirela da ake ja a bayan mota. Layinmu kuwa matsattse ne, kwata hagu kwata dama, ƙarshensa katanga. In ka shigo da tirela ba inda za ka juya, ba kuma inda za ka ajiye ta.

Daga ƙarshe dillalin ya buɗe mana wata ƙaramar mota, kujerarta daidai da tsayin kekena, ƙofarta mai faɗi. Maigidana ya ɗan tallafe ni kawai na zame na shiga. Rabon da in zauna wuri ban ji ƙuguna yana sara ba har na manta. Amma da ya leƙo ya tambaye ni, sai na yamutsa fuska na ce kujerar ta yi tauri. Ya tsura mini ido. Da muka dawo gida ya ce ita za mu saya, babur kuma zai sayar, har akwai mai so.

'Yarmu tana bayansa. Ta kira ni ta wanke ni tas, cikin ladabi dai amma tas. Ta ce mutum mai shekarun babanta in ya faɗi a kan dutse ya karya ƙafa, wa zai ɗaga ni, wa zai ɗaga shi?

Duk da haka na ci gaba da matsa masa, har rannan baki ya suɓuce mini na ce ya sayi a-kori-kurar kawai, ai motar za ta fi ni daɗewa. Yana riƙe da kofin ruwana, ya ajiye a hankali ya ce, "Ke kike sauri. Ni ban sallame ki ba." Ya fita ya zauna a shago har yamma. Tun daga ranar ko tambayar maganin ma a taƙaice yake yin ta.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Ina son a-kori-kurar don shi, wallahi don shi. Amma akwai wani ɓangare na zuciyata da ke son ta saboda ba zan iya shiga ba. In ba zan iya shiga ba, zuwa asibiti ya ƙare ke nan ba tare da na buɗe baki na ce na gaji ba. Na gaji da a ɗaga ni a sauke, a matsa nan a ja can, a ce mini da sauƙi alhali ina jin abin yana hawowa. Sannan in na rufe ido sai in hango shi bayan ba ni, shi kaɗai a gidan nan, ga ƙaramar mota a ƙofa, baranda babu komai, ba wanda zai yi wa magana kuma ba abin da zai sa ya yi ta. Mutumin nan a tsaye zai bushe.

Na juya abin ta ko'ina, duk motar da ta ɗauke ni ta bar shi, wadda ta ɗauke shi ta bar ni. Ban ma san ko akwai amsa ba. Ki dai faɗa mini wani abu.

Tsohuwar Direba

*

'Yar'uwata,

Sannu, Allah ya sa kaffara ne. Na karanta har ƙarshe, kuma ba inda maganarki ta karkace. Tunda mota kika tambaya, da mota zan fara.

Ki cire a-kori-kura daga lissafi, yau ɗin nan. Gadon bayan maigidanki shi ne ƙafafunki yanzu, kuma ya riga ya yi muku gargaɗi a gaban dillali. Ki kuma tuna ku biyu ne kuke ɗora babur ɗin nan a da. Dattijo mai ciwon baya, shi kaɗai yana tura babur a kan katako zuwa bayan doguwar mota, wannan ya fi hawan dutsen haɗari. Ke nan ko don shi ɗin ma ba ita ce ta dace ba.

Bas tana da kyau ta fuskar fili, kuma za ta yi masa amfani a sana'a. Amma ƙirjinki ya riga ya ba da amsa. Duk motar da babur zai kwana a cikinta warin mai ba ya barinta, ke kuwa numfashi ne abin da ake lallaɓawa a jikinki. In kun sami bas mai tsabta wadda babur ba zai taɓa shiga cikinta ba, to wannan wata magana ce, sai dai a nan ma tirela za a koma wa.

Ni a ganina kun yi saurin yar da tirelar. Wa ya ce dole a ƙofar gida za ta kwana? Maigidanki yana da shago a bakin babban titi. A ɗaure ta can da sarƙa, babur ɗin ma ya koma can. Tirela ƙasa-ƙasa take, mutum ɗaya zai iya tura babur ya hau ba tare da wahala ba, kuma ranakun aiki ita za ta ɗauko masa firij, abin da ƙaramar mota ba za ta iya ba. Ki riƙe wannan hujjar da kyau, domin ita ce zai iya karɓa ba tare da ya ji kamar ya fifita wasa a kan matarsa ba. Sai dai a tabbatar ƙaramar motar an yi ta don ta ja irin wannan nauyi, a sa wanda ya san aikin ya ɗaura ƙugiyar ja a ƙarfen jikin motar, a haɗa wa tirelar fitilun baya, shi kuma maigida ya koyi ja da baya da ita a fili kafin ya shiga titi. Ƙarshen hanyar dajin in ya fi ƙarfin motar, ya tsaya inda hanya mai kyau ta ƙare, ko abokansa su ƙarasa masa da babur ɗin. Abokan da suka sa masa suna ai ba za su kasa wannan ba.

Abu ɗaya zan ƙara, kuma ba mai daɗin ji ba ne. Kada ku saya don jikinki na yau kaɗai. Tunda ciwon gaba yake yi, ku duba mai ɗan tsayin rufi da ƙofa mai buɗewa sosai, wadda za ta yi muku ko ranar da zamewa daga keke zuwa kujera ta gagara. Ku tambayi masu motsa miki gaɓoɓi, sun ga irin wannan da yawa.

Yanzu sauran maganar. 'Yarku tana da gaskiya, in ya karye ku biyu ne kuka karye. Ke ma kina da gaskiya, mai jinyar da ba ya fita ya sha iska shi ma kwanciya yake yi, sai dai tasa ba a ganin ta da wuri. Tsakanin gaskiyar nan biyu akwai hanyoyin daji masu sauƙi waɗanda ke dawowa inda aka fara, akwai rabin wuni maimakon wuni guda, akwai sharaɗin kada ya tafi shi kaɗai. Ita kuma 'yarku, tunda ta iya faɗa a waya, a roƙe ta ta iya zuwa ta zauna da ke ranar da zai fita, ko ta nemo amintacciyar da za ta zauna. Shawarata kada a sayar da babur ɗin yanzu, abin da aka sayar cikin baƙin ciki an fi yin nadamarsa. Amma nasa ne, ba naki ba. Kina iya roƙonsa ya dakata, ba ki da ikon tura shi daji.

Zan gaya miki abin da nake jin kin riga kin sani. Babu motar da za ta dawo muku da abin da kuka rasa. Mai yiwuwa a sayi tirela ta yi ta zama a gaban shago bai taɓa ɗora babur a kai ba, domin wataƙila ba dutsen ne ke sa shi magana ba, wadda ke jiransa a ƙarshen hanya ce. Ba ni da maganin wannan, kuma ba zan yi miki ƙaryar ina da shi ba. Ba za ki iya shirya masa rayuwar bayanki ba, komai ƙaunar da kike masa. Duk lokacin da kika gwada, shi abin da yake ji shi ne kina yi masa ban kwana alhali yana riƙe da ke. Abin da ya faɗa miki ranar nan ba fushi ba ne, tsoro ne.

Batun gajiya da asibiti kuwa, na gode da kika amince mini da shi, amma bai kamata ya tsaya a wurina ba. Gajiya ba laifi ba ce, kuma kina da bakin cewa zirga-zirgar ta yi miki yawa. Ki faɗa wa likitanki ƙarara yadda kika faɗa mini. Ana iya rage yawan zuwa, ana iya koya wa maigida wasu abubuwan a yi a gida, ana iya ƙara miki abin da zai rage ciwon ƙugun. In kuma kin ji zuciyarki ta fara kiran mutuwa, wannan ma ki faɗa, shi ma ciwo ne da ake dubawa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ki sa mutumin nan ya sayi mota da hannunsa, daga baya ya gane da ita kika rufe wa kanki ƙofar asibiti. Wannan nauyin ba zai taɓa sauke shi ba.

Ki kira shi da rana tsaka, lokacin da jikinki ya fi sauƙi, ki ce masa kujerar nan ba ta yi tauri ba, ta yi miki daɗi. Ya sani, amma yana bukatar ya ji daga bakinki. Sannan ki gaya masa tsoronki duka biyun, ki yi shiru ki ba shi lokaci, irinsu ba a yi musu gaggawa. Ki bar shi ya saya miki motar da ba za ta yi miki ciwo ba. A cikin duk abin da ciwon nan ya ƙwace masa, wannan kaɗai ya rage da zai iya gyarawa da hannunsa, kada ki hana shi.

Allah ya sassauta miki, ya ƙarfafa masa baya da zuciya, ya sa kwanakin da ke gabanku su zo da sauƙi fiye da yadda kike tsoro.

Taki,
Inna